Maɓallin da Injiniya Ya Kulle

Akwai wani injiniya a wani kamfanin yin sabulu, wanda ilimi ya hau masa kai har ya daina jin maganar kowa.

Ba shi ke haɗa sabulun ba. Aikinsa shi ne rubuta wa injuna umarni a kwamfuta. Babban injin da ke matse sabulu ya fito da shi dogo kafin a yanka, yana da wani ɗan allo a gefe, irin wanda ake taɓawa da yatsa. Duk maɓallan da ke kan allon nan Injiniya ne ya tsara su: na tayarwa, na ƙara gudu, na rage gudu, da wani mai ruwan ɗorawa da aka rubuta wa Dakata.

Ga inda ikon nasa yake. Da layi ɗaya na rubutu zai buɗe maɓalli ya yi aiki. Da layi ɗaya kuma zai kulle shi, launinsa ya dushe ya koma toka-toka, ka danna har yatsanka ya yi tsami ba abin da zai motsa. A duk kamfanin shi kaɗai ya iya wannan, kuma ya san shi kaɗai ya iya.

Mai kula da injin wani dattijo ne, shekararsa ashirin da shida a wurin. Ma'aikata suna ce masa Baba Kunne, don da kunne yake aikinsa. Idan sabulun da ake zubawa ya bushe da yawa, ƙarar injin takan canza kaɗan, canjin da ba wanda ke ji sai shi. Sai ya danna Dakata, ya ɗebi ɗan sabulu ya murza tsakanin yatsunsa, ya ce a yayyafa ruwa, sannan ya ci gaba. Minti ɗaya ko biyu, shi ke nan.

To wannan tsayawar ita ta tsone wa Injiniya ido. Ya riga ya cika wa Manaja baki cewa sabon tsarinsa zai sa injin ya yi sauri, ga shi kullum allo yana nuna an dakata sau goma, sau goma sha biyar.

Rannan ya sauko daga ofis ya samu dattijon yana murza sabulu.

"Baba, ka daina tsayar mini da inji. Na sa na'urar da ke auna zafi da nauyi a ciki. In akwai matsala, shi zai tsayar da kansa."

"Na'urar taka tana da kunne?"

"Tana da abin da ya fi kunne."

"To ka gaishe ta," in ji Baba Kunne. "Ni dai in na ji yana tari, zan ba shi hutu. Ko kai in kana tari ai ba a sa ka gudu, ɗana."

Matan da ke naɗe sabulu a takarda suka kwashe da dariya. Wata mai baki a cikinsu ta ce, "Injiniya, a kawo maka ruwa ne? Na ga ka shaƙe."

Ya yi murmushin da bai kai ciki ba ya koma ofis. Dariyar nan ita ta ci shi, ba saurin inji ba. Ku riƙe wannan, don daga baya ya yi ta faɗa wa kansa wai don kamfani ya yi.

Washegari da aka tashi hutun cin abincin rana, ɗakin injuna ya zama ba kowa. Injiniya ya zo da kwamfutarsa, ya jona ta da allon, ya nemo layin maɓallin Dakata. Kalma ɗaya ya canza. Inda aka ce a buɗe, ya ce a kulle. Maɓallin ya dushe nan take. Ya naɗe wayarsa ya tafi, bai gaya wa kowa ba.

Niyyarsa ita ce ya bar tsohon ya danna ya ga ba ta aiki, injin ya ci gaba lafiya, shi kuma ya sauko yana dariya ya ce, "Ka gani? Ba abin da ya faru."

Aka dawo aiki. Baba Kunne ya tayar da inji. Bai lura da komai ba, don ba ya kallon allon, hannunsa ya riga ya san wurin kowane maɓalli. Injiniya kuwa ya tsaya a tagar ofis daga sama, ya harɗe hannu yana jira.

Ba a yi awa ɗaya ba sai ya ga dattijon ya karkata kai. Ya miƙa hannu ya danna. Injin bai tsaya ba. Ya sake dannawa. Ya sunkuya ya dubi allon, ya goge yatsansa a riga, ya yi ta dannawa da ƙarfi.

Injiniya yana murmushi.

Sai ƙarar ta canza, irin canjin da ko shi daga sama ya ji. Wani gurnani mai nauyi, har gilashin taga yana rawa.

Akwai babban jan maɓalli na gaggawa a can ƙarshen injin, taku goma sha wani abu daga allon. An sha ja wa ma'aikata kunne kada su taɓa shi sai in rai ne, don yana kashe komai, sabulu ya daskare a ciki a yini ana ƙwaƙulowa. Baba Kunne ya nufe shi da gudu, gudun mai ciwon gwiwa. Saura taku biyu ya isa aka ji ƙara kamar an harba bindiga.

Sandar ƙarfen da ke murɗa sabulun ta karye. Wani guntun ƙarfe ya tashi ya bugi bango, bai fi kamu ɗaya ba daga kan matar nan mai baki. Ta zauna a ƙasa tana salati.

Kafin Injiniya ya sauko, Manaja ya riga ya iso.

"Me ya faru? Baba, kana ina?"

"Yallaɓai, na danna Dakata bai kama ba. Sau huɗu, sau biyar. Ya dushe, ya yi toka-toka kamar babu shi."

Manaja ya juya. "Injiniya, duba mana."

Nan ne fa, jama'a. Nan ne inda mutum ke nuna ko shi wane ne. Da rana tsaka, mutum kusan talatin suna tsaye kewaye da shi, Injiniya ya jona kwamfutarsa. Ya ga layin. Ba wanda ke iya karanta abin da ke gabansa, da su da makafi duk ɗaya. Ya mayar da kalmar yadda take. Ƙiftawar ido, maɓallin ya dawo da launinsa.

"Lafiyarsa lau, yallaɓai."

Manaja ya miƙa hannu ya danna da kansa. Allon ya yi ɗan ƙara, ya amsa. Ya sake dannawa. Ya amsa.

"Injin yana ajiye bayanin duk abin da aka danna, ko ba haka ba?"

"Yana ajiyewa."

"An danna Dakata?"

Injiniya ya duba. Ya san amsar tun kafin ya duba, don maɓallin da aka kulle ba ya rubuta cewa an taɓa shi.

"Ba a danna ba tun bayan hutu."

Manaja ya dubi dattijon ya girgiza kai.

"Baba, tsufa ba laifi ba ne. In gyangyaɗi ya ɗauke ka, ka ce ya ɗauke ka. Amma ƙarya? Kai? Ka kusa kashe mini mutum, kuma kana ɗora wa allo?"

A ranar aka ce ya je gida ya huta. Kowa ya gane irin hutun.

Da zai tafi, ya ɗauko ledarsa mai ɗauke da takalmin aiki da kofin shayinsa, ya tari Injiniya a bakin matakala. Ba faɗa ya zo yi ba. Muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Ɗana, kai ka san cikin abin nan. Don Allah faɗa mini gaskiya. Maɓalli yana iya dushewa da kansa, ya kuma dawo da kansa? In ka ce yana yi, hankalina zai kwanta. In ka ce ba ya yi, to na san ni ne."

Injiniya ya kalli ƙasa.

"Ba ya yi da kansa, Baba."

Kuma wai a ransa yana cewa ai bai yi ƙarya ba. Da kansa ba ya yi. Ku ji irin wayon da mutum ke yi wa kansa.

Dattijon ya gyaɗa kai a hankali. "To. Na gode." Ya fita.

Sati uku aka yi ana gyara. Injiniya ya yi aiki kamar zai kashe kansa, shi ne farkon zuwa shi ne ƙarshen tashi, har da ɗaukar ƙarfen da ba aikinsa ba. Manaja ya yabe shi a gaban kowa, ya ce da irinsa biyu yake da su da ya huta.

Da aka kawo sabon mai kula da inji, Injiniya da bakinsa ya ce masa, "In ka ji ƙarar ta canza, ka dakata. Ko sau ɗari ne." Mutumin ya ce shi fa ba ya jin wani canji.

A gida kuwa abinci ya daina shiga. Matarsa ta ajiye masa faranti, ta dawo ta same shi yana juya cokali.

"Abban yara, wa ka kashe ne? Faɗa mini in san inda zan ɓoye ka."

Wasa take yi. Da ta ga bai yi dariya ba, ta ja kujera ta zauna. Ya ce gajiya ce. Ta dube shi ta ce ita ta san kalar gajiyarsa, wannan ba ita ba ce. Ya tashi ya bar mata ɗakin.

Kullum yana lallashin kansa. Ai tsohon ya kusa ritaya da ma. Ai 'ya'yansa sun girma. Ai ba wanda ya mutu. Ai in ya yi magana yanzu, nasa yaran ƙanana ne za su sha wuya. Kowace hujja takan riƙe shi daga safe zuwa rana, sannan ta sake shi.

Wajen sati na shida, matar nan mai baki ta tsayar da shi a bakin famfo. Unguwarsu ɗaya da Baba Kunne.

"Injiniya, ku manya ba kwa zumunci ne? Baba fa ba lafiya."

"Gwiwar ce?"

"Ina ma gwiwa ce." Ta nuna kanta da yatsa. "Nan ne. Shi da kansa yake cewa ya taɓu."

Ranar Asabar da la'asar ya tambayi kwatance ya je. Gida ne ɗan madaidaici a ƙarshen wani lungu. A tsakar gidan akwai babur an lulluɓe shi da tsohon zanin gado, ƙura ta hau kai. Matar dattijon ta yi masa iso zuwa falo, tana ta murna wai ashe akwai mai tunawa da su.

Baba Kunne yana tsaye a jikin bango, ya rame har rigarsa ta yi masa yawa. Yatsansa yana kan makunnin fanka. Ya kunna, ya ɗaga kai ya kalli fankar tana juyawa, ya juyo wurin matarsa.

"Ta kunnu?"

"Ta kunnu, Malam."

"Ke ma kin ga na danna?"

"Na gani. Zo ka zauna, ga baƙo."

Ta ja Injiniya gefe tana rage murya. Haka yake yini, in ji ta. Ko ƙofa ya rufe sai ya kira wani ya shaida. Sun kai shi wurin likitan ido, an ce idonsa ƙalau. Sai babban ɗansu, wanda ke tuƙin mota, ya kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa, aka ba shi ƙwayoyin da ke sa shi barci da rana. Ɗan ya karɓe makullin babur, ya ce kada wata rana ya ga birki ya dushe a kan titi. Surukarsu kuma ta daina barin jikoki a wurinsa shi kaɗai.

"Mutumin da ke jin ɗigar famfon maƙwabta daga ɗakinsa," ta ce tana share ido da gefen mayafi. "Yanzu ko sallamarka ya ji sai ya tambaye ni ko da gaske an yi."

Dattijon ya zauna, ya kama hannun Injiniya da hannu biyu.

"Ɗana, kai ne? Allah ya yi maka albarka. Kai kaɗai ka faɗa mini gaskiya ba ka ɓoye ba. Da ka rufa mini asiri a ranar, da na ci gaba da aiki har in kashe 'yar mutane. Wallahi har yanzu ina ganinsa a idona, ya dushe, ina dannawa. Ka ga yadda kai ke yi wa mutum? Abin da bai faru ba, ka rantse ya faru."

Injiniya ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya ce zai tafi, yana da uzuri. Ya miƙe, ya fita, ya kai har bakin ƙofar gida. Ya sa ƙafa ɗaya a waje.

Daga ciki ya ji ƙarar makunni, ƙyas. Sai muryar tsohon: "Ta kunnu?"

Ya dawo. Bai zauna a kujera ba, ya durƙusa a kan ledar ɗakin a gaban dattijon, ya kama hannunsa.

"Baba, ya faru. Ka danna. Sau biyar ka danna, ina tsaye a taga ina ƙirgawa. Ni na kulle maɓallin lokacin hutu, don in nuna maka ba a buƙatar kunnenka. Da injin ya karye na buɗe shi a gabanku, ba wanda ya gane. Ba abin da ya samu kanka. Ni ne."

Baba Kunne ya zare hannunsa a hankali.

"Ya dushe?"

"Ya dushe, Baba."

"Toka-toka?"

"Toka-toka."

Dattijon ya daɗe yana kallon yatsansa. Sannan ya ce wa matarsa, da wata murya da ta kwana biyu ba ta ji ba, "Kira mini yaron nan a waya. Ki ce ya zo yanzu, da matarsa."

Da suka zo, ya nuna Injiniya da haɓa. "Maimaita."

Ya maimaita. Ɗan ya yi kansa zai shaƙe shi, uban ya daka masa tsawa.

"Zauna! Kai ma ai ba ka yarda da ni ba. Kwamfuta ta ce, kai ma ka ce." Ya juyo ga Injiniya. "Aikin da na rasa ba shi ya dame ni ba. Na tambaye ka a bakin matakala. Ba cewa na yi ka tona kanka ba, da ka ce mini yana yiwuwa, da ya ishe ni. Kwana arba'in ina kwana ina tashi ina jin tsoron kaina. Jikata ta miƙo hannu in ɗauke ta, na ƙi, don kada in yar da ita. Ranar Litinin za ka faɗa a inda ka ƙaryata ni."

Ranar Litinin da safe Injiniya ya roƙi Manaja ya tara ma'aikata a gaban injin. Ya jona kwamfuta. Ya rubuta umarnin, maɓallin ya dushe a kan idon kowa.

"Yallaɓai, danna."

Manaja ya danna. Shiru. Ya sake dannawa. Shiru. Injiniya ya nuna masa bayanan injin, babu alamar an taɓa komai. Ya canza kalmar, launi ya dawo. Sannan ya faɗi sauran da bakinsa, bai rage ko ɗaya ba.

Matar nan mai baki ta tafa hannu. "Lallai! Ashe kaina ka kusa fasawa don an yi maka dariya? Kuma ni ce har da kai maka labarin rashin lafiya!"

Manaja ya cire hularsa ya je gaban Baba Kunne ya ba shi haƙuri a gaban kowa, ya ce injinsa yana jiransa in ya yarda. Ya kuma kafa doka cewa daga ranar ba mai kulle ko buɗe maɓalli sai mai kula da injin yana tsaye yana kallo. Injiniya kuwa aka ce ya miƙa makullin ofis kafin azahar. Wasu sun zaci dattijon zai roƙa masa. Bai roƙa ba, kuma ba wanda ya ga laifinsa.

Da Injiniya ya sauko da jakarsa, ya tsaya nesa kaɗan da injin har dattijon ya ɗago.

"Baba, ka yafe mini."

Baba Kunne ya goge hannunsa da tsumma.

"Ka dawo mini da hankalina, wannan na gode. Ba kowa zai iya ba. Amma yafiya, ban same ta a raina ba tukuna, kuma ni ba zan yi maka ƙarya ba. Je ka. Ranar da na same ta zan aiko a gaya maka."

Injiniya ya samu wani ɗan aikin gyaran kwamfuta a wani shago, yana ci da iyalinsa da ƙyar. Abinci ya koma shiga. Amma har yau, in baƙuwar lamba ta kira shi, yakan ajiye abin da ke hannunsa ya ɗauka da sauri.

Darasi: In Allah ya ba ka ilimin da na kusa da kai ba su da shi, amana ce aka ba ka, don ba mai iya duba abin da ka yi sai kai. Kada ka canza abin da wani ke aiki da shi a ɓoye don ka nuna ka fi shi. In kuma ka yi kuskure, faɗa a ranar, da zafinsa. Ƙaryar da za ka rufe kanka da ita tana iya sa bawan Allah ya daina yarda da idonsa da hankalinsa, kuma ba lallai ne a yafe maka a lokacin da kake so ba. Ku tura wa duk wanda kuka san yana riƙe da aikin da wasu ba sa iya dubawa, ko ɗanku ne, ko mijinku, ko ku kanku.